Zanen Ɓawon Itace Da Ya Shiga Kotu

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana hoton wani zane daga Ostareliya. Da na duba sai na ga layuka ƙanana rututu, da siffar kada a tsakiya. Na ce a raina ado ne kurum, irin wanda akan rataya a bango. Ashe na yi kuskure.

Masu wannan zane su ne Yolngu, wata al'umma daga cikin Aborijin, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Suna zaune a gaɓar teku, can arewacin Ostareliya, wajen garin Yirrkala. Sukan ɓare ɓawon itace, su gasa shi ya miƙe, sa'an nan su yi zane a kai da jar ƙasa, da rawaya, da fara, da baƙi. Alkalamin kuwa na gashin mutum ne. Kowace zuriya da irin zanenta, kamar yadda tsagar fuska kan nuna asalin mutum a nan wajenmu, kuma ba a taɓa na wani sai da izini. Wanda ya iya karantawa zai gane ko ruwan wane ne, da inda ruwan kogi ke gamuwa da na gishiri, da wurin da ba a shiga.

A 1996 aka tarar wasu masunta sun yi sansani ba izini a Garrangali, wurin da zuriyar Madarrpa ke girmamawa domin kada. Har kan kada aka samu an yanke an yar. Ran dattawa ya ɓaci ƙwarai, amma ba su ɗauki makami ba. Shugabansu Djambawa Marawili ya ce a zana teku don baƙi su san yana da masu shi. Mutum 47 suka yi zane 80. Daga baya aka kai irin wannan zane gaban alƙalai a matsayin shaida, a shari'ar da ake kira ta Blue Mud Bay. A 2008 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa a gaɓar da ke cikin ƙasar Aborijin, daga inda ruwa ke cika zuwa inda yake janyewa, ba mai shiga kamun kifi sai da yardarsu. Hukuncin ya shafi wajen kashi 80 cikin 100 na gaɓar Yankin Arewa.

Can kudu ma, dokar kula da gaɓar teku ta jihar New South Wales ta 2016 ta ambaci alaƙar Aborijin da gaɓa. Yanzu hukumomi sukan biya mai zane ya ƙawata littattafansu na ƙa'idojin shawara da jama'a. Wannan ya yi kyau, amma ni dai ina da 'yar damuwa. Sa zane a bangon littafi abu ne mai sauƙi, zama da dattawa kafin a gina mashigar jirgi shi ne aiki. Na tambayi Malam ko ma'aikatan sun iya karanta zanen da ke kan littafin nasu. Ya yi murmushi, ya ce in rubuto tambayar a mujalla.