Darasi Daga Hoton Tashar Jirgi

Ɗalibai masu sha'awar ɗaukar hoto a titi, ga darasi. Henri Cartier-Bresson, mutumin Faransa, ba ya yarda a yanke gefen hotonsa bayan an wanke. A ganinsa, tun kafin a danna kyamara ake zaɓar abin da zai shiga. Amma a 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Paris, ya leƙa ta kafar shinge ya ɗauki wani mutum yana tsallake ruwa. Katako ya tare gefen hagu, tilas aka yanke wurin. Saboda haka ku fara gyara tsayuwarku. In yankan ya zama dole, ku cire abin da ya tare ido, kada ku cire gaskiya.