Yadda ake koya wa kare cin abinci a kan lokaci

A yawancin gidajen da ake ajiye kare, ciyarwar ba ta wuce wani tsohon kwano a bayan ɗaki ko kusa da ƙofar gida. Wanda ya rage tuwo ya juye a ciki, yaro ya kawo ƙanzon shinkafa, a zubo sauran miya a kai, kwanon ba ya zama wayam daga safe har dare. Masu hali kuma sukan sayo buhun busasshen abincin kare na kanti, su cika roba su bar masa, in ta yi ƙasa a ƙara. Tsarin duk ɗaya ne: abinci na nan a ajiye, kare ya ci lokacin da ya ga dama. Ɗaya tsarin shi ne a auna abin da zai ci, a ajiye masa a lokacin da ya sani, a ɗauke kwanon in ya gama. Ni na biyun nake goyon baya, kuma ana iya komawa kansa cikin mako guda ba tare da an wahalar da dabbar ba.

Kafin komai, a duba ko karen yana cikin 'yan tsirarun da barin abinci a gabansu ya fi musu. Karya mai shayarwa ce ta farko. A mako na uku zuwa na huɗu bayan haihuwa, lokacin da 'ya'yan suka fi tsotso, takan buƙaci ninki biyu ko uku na abin da ta saba ci, cikinta kuwa ba zai ɗauki wannan a zama biyu ba. Sai 'yan kwikwiyon ƙananan jinsi, irin waɗanda ko sun girma ba su fi kyanwa da yawa ba, domin sukarin jininsu kan faɗi idan suka daɗe ba su ci ba. Sai karen da ya tashi daga jinya ya rame, idan likitan dabbobi ya ce a bar shi ya riƙa tsakura. Ko su ɗin ma busasshen abinci ake bar musu, ba dafaffe ba.

Sauran karnuka kuwa, cikakken kwano cutar da su yake yi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, tuwon da aka zuba da hantsi kafin azahar ya fara tsami, ƙudaje sun yi masa rumfa. Da dare ɓeraye ne ke karɓar aiki, fitsarinsu kuwa yana iya ɗaukar cutar da ke lalata ƙodar kare, mutum ma yana kamuwa da ita. Ga kuma ƙiba, wadda wasu masu karnuka ke alfahari da ita. Kamfanin Purina a Amurka ya taɓa bin karnuka 48 'yan jinsin Labarado tun suna kwikwiyo har mutuwarsu. An haɗa su bibbiyu, ana ba ɗaya kashi 25 cikin ɗari ƙasa da abin da ɗan'uwansa ke ci. Sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun kai kimanin shekara 13, sauran kuwa 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi ya riga kama masu ci da yawan.

To, matakin farko na aikin shi ne sanin nauyin karen. Idan na ɗauka ne, ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa da shi a hannu, ka cire na farko daga na biyu. Idan ya fi ƙarfin ɗauka, asibitin dabbobi suna da sikelinsu. Da wannan nauyin ake duba jadawalin da ke bayan buhu. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: adadin da aka rubuta na yini guda ne, ba na zama ɗaya ba, raba shi ake yi. A sami gwangwani ko kofi guda a yi masa alama da ƙusa ko fenti, a daina zuba da ido.

Mai ba karensa abincin gida ba shi da jadawali, sai ya yi nasa. Kwana uku a jere a auna abin da aka zuba, a auna abin da ya rage, bambancin shi ne abin da karen ke ci a zahiri, daga nan ake farawa. A kuma tuna tuwo zalla ba ya riƙe kare. Yana buƙatar nama ko kayan ciki daga wajen mahauta, kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Kwikwiyon manyan jinsi da ake renonsa da abincin gida sai an nemi shawarar likita, domin ƙashinsa na girma da sauri, kuma rashin daidaiton abinci a watannin nan yana karkata ƙafafu.

Sai zaɓen lokaci. Kwikwiyon da aka yaye yana ci sau huɗu a rana har ya kai wata uku, daga nan sau uku har wata shida, bayan haka sau biyu, safe da yamma. Na san akwai masu ba babban kare sau ɗaya su huta, amma ban yarda da hakan ba ga manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin su karen Jamus da ake kira Alsashiyan da Rotwaila. Cika musu ciki a zama ɗaya yana ƙara haɗarin abin da likitoci suka fi tsoro a irinsu: tumbi ya cika da iska ya murɗe. Za ka ga ciki ya kumbura ya yi tauri, kare na yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, miyau na dalala, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan ba ciwon jira gari ya waye ba ne, yana kisa cikin sa'o'i idan ba a yi tiyata ba. Saboda shi ne ma ake barin tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da guje-guje. Karen gadi da ake saki ƙarfe goma na dare, a ba shi na yamma kafin magariba. Na safe kuma a bari ya koma ɗakinsa ya huce, a ba shi wajen ƙarfe bakwai kafin rana ta yi zafi, don kare ya fi cin abinci da sanyin gari.

Ranar farawa, tun daren jiya ake ɗauke tsohon kwanon a wanke. Da safe a zuba rabin abincin yini, a kira shi da kalma ɗaya wadda kullum da ita za a riƙa kiransa, a ajiye, a matsa. Kada yara su tsaya a kansa, kada a taɓa shi yana ci. Bayan minti 15 a ɗauke kwanon, ko ya cinye ko bai taɓa ba. Ba sauran komai sai na yamma.

Karen da ya saba da abinci a ajiye zai shinshina ya yi tafiyarsa, don bai san an canza doka ba. Yana iya yin haka sau biyu ko uku. Babban kare mai lafiya ba abin da zai same shi don ya tsallake ci ɗaya ko biyu, galibi kafin kwana na uku ya gane cewa kwanon ba ya jira. Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen mutanen gida. Uwargida ta ga ya kwanta yana kallonta, tausayi ya kama ta, ta jefa masa tsoka. Ko maigida ya ga bai ci ba ya ce a ƙara masa romo. Kare ba wawa ba ne, nan take ya koyi cewa ƙin ci shi ke kawo nama, gobe sai ya sake ƙi. Don haka a tara kowa a gaya masa tun kafin a fara. Wanda zuciyarsa ba za ta jure ba, akwai hanya mai sauƙi: a ajiye kwanon sau uku a rana na awa ɗaya, kullum ana rage lokacin, har a kai minti 15 sau biyu a ƙarshen mako. Kwikwiyo da tsohon kare da wannan hanyar ake bi da su, sai dai kwikwiyo yawan zaman cinsa na nan yadda aka faɗa a baya. Mai ciwon sukari da ake yi wa allurar insulin kuwa, likitansa ne kawai zai tsara masa lokaci, don cinsa da allurarsa tare suke tafiya.

Ruwa ba ya cikin wannan doka. Yana nan a inuwa dare da rana, ana sake shi kullum. Kare mai kilo 30 yakan sha lita ɗaya da rabi ko fiye a rana, da bazara kuwa ya zarce haka nesa.

Idan karnukan sun fi ɗaya, kowa da kwanonsa, a nesa da juna, in da hali da bango a tsakani. A kwano ɗaya mai ƙarfi ne ke ƙoshi, ɗayan yana ramewa ana ta ba shi maganin tsutsa a banza. Haka kuma mutum ɗaya ake ɗora wa ciyarwar. Idan maigadi ne, a nuna masa gwangwanin da alamarsa, kuma maigida ya mayar da tambayar nan al'ada in zai fita: "Baba, yau ya cinye kuwa?"

Wannan tambayar ita ce babbar ribar tsarin gaba ɗaya. Kare ba ya faɗin inda ke masa ciwo, abin da ya fara yi shi ne barin abinci. A gidan da kwano ke cike kullum, kaji da ƙadangaru suna taya shi ci, sai a yi kwana uku ba wanda ya lura bai taɓa ba. A gidan da ake aunawa, tun safiyar farko an sani. Zazzaɓin da kaska ke sa wa karnuka da haka yake farawa, in ka ɗaga leɓensa ka ga dasashin ya yi fari. Cutar nan mai kashe 'yan kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba, mai zuwa da amai da gudawar jini, ita ma da ƙin cin abinci take sallama. Babban karen da ya riga ya saba da tsarin, idan ya yini ya kwana bai ci ba, a kai shi asibiti. Kwikwiyo kuwa ba a jira haka, ya ƙi ci sau biyu ko ya haɗa da amai, ranar za a kai shi.

Akwai ƙin ci guda da ya kamata kowa a gidan ya sani. Idan kare ya bar abinci, halinsa ya canza, miyau na zuba, yana yi kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa neman ƙashin. Ciwon haukan kare yana zuwa da wannan kama, kuma a miyau cutar take. A kulle shi, a kira likita. Allurar rigakafinsa tun kare na wata uku ake fara ta, a riƙa sabuntawa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin ta.

Bayan mako biyu sai a duba ko awon ya yi daidai. Ba sikeli kaɗai ba, hannu ma yana faɗa. Ka shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin fata kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, ba tare da ka danna ba, amma kada a riƙa ƙirga su daga nesa. In ka tsaya a kansa ka leƙa, ƙugu ya ɗan shiga ciki. Idan sai ka danna kafin ka ji ƙashi, rage kashi ɗaya cikin goma. Idan ƙasusuwan sun fito fili, ƙara kamar haka, ka sake dubawa bayan mako biyu. Duk abin da aka ba shi a hannu don lada ko lallashi, daga cikin awon yini ake cire shi.

Tunda yanzu hannu ɗaya ke zuba abincin, an sami damar tace abin da ke shiga kwanon. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare ko an dafa su, miyarmu kuwa da wuya a rasa albasa a cikinta, don haka a ɗebi nasa kafin a haɗa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Cakulan, inabi, zabibi da goro duk guba ne a gare shi. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, wadda ake cewa ai kare ne a ba shi, hantarsa take ci. In kuma za a canza masa nau'in abinci, a yi shi cikin mako guda ana cakuɗa sabo da tsoho, in ba haka ba gudawa ce za ta biyo.

Masu cewa a bar karen gadi da yunwa don ya ƙara zafi, su sani ba wannan ake nufi da auna abinci ba. Kare mai yunwa hankalinsa na kan bola da kajin maƙwabta, kuma shi ne zai fara karɓar nama daga hannun wanda ya jefo ta katanga.

Da azumi girkin gida yakan koma yamma, sai abincin safe na kare ya bi ruwa. A ware nasa tun dare a sa a firji, ko a ba shi bayan sahur in gari ya fara haske. Idan dole ne a matsar da lokacin gaba ɗaya, a riƙa matsar da shi da rabin awa kowace rana har a kai inda ake so.