Hanyar Zama Likitan Borin Jini

A lokacin hunturu akan ga yaro yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, ko numfashinsa ya riƙa shaƙewa saboda ƙura. Wani kuwa gyaɗa kaɗan zai ci, ko a yi masa allurar fanisilin, sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta ɗauki abu marar illa a matsayin maƙiyi, ta far masa. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya laƙaba wa wannan hali suna alaji a 1906. Sinadarin da ke haddasa yawancinsa, wato IgE, sai a 1966 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano shi a Amurka.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni a Nijeriya dole ya fara da kiredit biyar a sakandare: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. A nan wasu ke tuntuɓe. Bayan jarrabawar JAMB sai shekara 6 ta karatun likita a jami'a irin ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, da wata ta bautar ƙasa.

Har yanzu bai zama ƙwararre ba. Zai koma asibitin koyarwa ya yi kimanin shekara 5 ko 6 a fannin yara ko na cututtukan manya, ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Masu asma da ƙaiƙayin fata galibi likitocin ƙirji, fata da hanci ke duba su, don haka mai son zurfafawa yakan nemi ƙarin horo a waje. A Amurka, bayan shekara 3 a fannin yara ko manya, ana ƙara 2 a kan alaji da garkuwar jiki zalla.

A can zai koyi gwajin fata: a ɗiga ɗan abin da ake zargi a hannu, a tsaga fatar kaɗan, a jira minti 15 a ga ko za ta kumbura. Zai kuma koyi gane borin da ke toshe maƙogwaro ya saukar da bugun jini, wanda in ba a yi allurar adiranalin a cinya nan take ba, yana iya kisa cikin mintoci.