Juyen Baƙin Mai: Lokacin da Ya Kamata a Yi wa Motar Gunduma

An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakardansu, da duk wanda aka danƙa wa amanar motar hukuma. Motar gunduma dukiyar jama'a ce. Da ita Hakimi ke fita rangadi, da ita ake zuwa sasanta manoma da makiyaya tun rigima ba ta yi nisa ba, wata rana kuma ita kaɗai za a samu ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. In injinta ya buga, sai ta yi wata da watanni a gareji ana jiran kuɗin gyara, aiki kuwa ya tsaya. Cikin abubuwan da ke kashe inji tun kwanansa bai ƙare ba, sakaci da baƙin mai yana sahun gaba. Ba a ce Hakimi ya zama bakanike ba. Abin da ake so shi ne ya san ƙa'idar juye, ya sa a riƙa rubutawa, ya kuma riƙa duba abin da aka rubuta.

1. Aikin baƙin mai

A cikin inji ƙarafa ne ke gogar juna da sauri ƙwarai, gama motar da ke gudu a kan titi injinta yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Baƙin mai shi ke shiga tsakanin ƙarafan nan ya sa santsi, don kada su ci juna. Har wa yau yana ɗebe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana wanke datti ya kai shi ga filta, yana kuma hana tsatsa. Masu yin mai sukan haɗa shi da waɗansu magunguna domin ya iya waɗannan ayyuka, magungunan nan kuwa ƙarewa suke yi a hankali, ko da man yana nan bai ragu ba.

2. Abin da ke lalata shi

Abu na farko zafi ne, wanda ke dafa mai har ya yi kauri. Na biyu ƙura, wadda ke shiga tare da iskar da inji ke zuƙa. Na uku ruwa, domin duk lokacin da fetur ko gas ya ƙone yakan bar tururi, wani daga cikinsa kuwa yakan sauka cikin mai. Na huɗu fetur da bai ƙone ba da kunkunniyar hayaƙi, waɗanda ke zurarewa ta gefen fistin. In waɗannan suka taru aka daɗe ba a yi juye ba, sai mai ya zama kamar kwalta, ya toshe 'yan hanyoyin da yake bi. Daga nan ƙarfe ya hau cin ƙarfe, sai a ji inji ya fara ƙara, sa'an nan ya buga.

3. Ma'auni biyu: tafiya da kwanaki

Kowace mota tana da littafin da kamfanin da ya ƙera ta ya buga, a ciki kuwa an faɗi lokacin juye da ma'auni biyu, watau yawan kilomitar da aka yi da yawan watannin da suka wuce. Wanda ya riga cika daga cikin biyun nan, shi ake bi. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan.

A da, abin da direbobi suka haddace shi ne mil 3,000, watau kamar kilomita 4,800, ko wata uku. Ƙa'idar ta dace da motocin wancan zamani. Tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, lita biyu da rabi kaɗai take ɗauka, ba ta kuma da filta sai ɗan rariya, saboda haka tilas a yi mata juye da wuri. Daga baya abubuwa suka sake. Injuna suka ƙara inganci, man haɗi da ake kira sintetik ya bazu a kasuwa bayan fitowar Mobil 1 a 1974, an kuma daina sa dalma a fetur, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina a 2021. Don haka littattafan motoci masu yawa na yanzu sun yarda a kai kilomita 10,000 zuwa 15,000, ko shekara ɗaya.

Amma fa wannan dogon wa'adi na motar da ke tafiya a kan kwalta mai kyau ne, da man da littafi ya ambata. Littattafan suna da jadawali na biyu, na motar da ke aikin wahala, wa'adinsa kuwa yawanci rabin na farko ne. Kamfanin Toyota, alal misali, ya ba yawancin motocinsa na Amurka masu shan sintetik mil 10,000 ko wata 12, amma ya ce in mota tana bin hanyar ƙura, ko tana jan kaya, ko tana daɗewa a kunne a tsaye, a komo mil 5,000 ko wata 6.

4. Aikin gunduma aikin wahala ne

In aka duba abin da littattafan ke kira aikin wahala, sai a ga kamar da motar gunduma suke. Hanyoyin ƙauyuka yawancinsu burji ne ko yashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa da Borno. Da bazara, a Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Nguru da Maiduguri. Da damina mota tana kutsawa cikin taɓo da ƙaramar giya, inji na kuka amma tafiya kaɗan ake yi. Ga lodin mutane da kaya ranar kasuwa ko ranar taro. Ga kuma al'adar barin mota a kunne a ƙofar fada ana jiran Hakimi ya fito: injin yana aiki, man yana tsufa, amma agogon kilomita bai motsa ba.

Akwai kuma gajeriyar tafiya. Motar da ba ta wuce daga gida zuwa ofis, tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba, man injinta ba ya yin zafin da zai kori ruwa da fetur da suka sauka a ciki. Shi ya sa motar da ba ta cika fita ba ita ma tana bukatar juye in watanninta sun cika.

Saboda haka jadawali na biyu shi ne na motar gunduma. In littafin motar ya ɓace, kamar yadda yakan faru ga motocin hannu da ake kira 'yan Kwatano, kuma man da ake zubawa na yau da kullum ne irin su 20W-50 ko 15W-40, to, a riƙe kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Injin da aka sauke aka yi wa babban gyara kuwa a yi masa juyen farko da wuri, bayan kamar kilomita 1,000, domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe.

A lura da wani abu da ke ruɗin magatakarda da yawa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙidaya, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Kilomita 5,000 daidai take da kamar mil 3,100. Wanda ya jira agogon irin wannan mota ya ƙara 5,000, to, ya yi tafiyar kilomita 8,000 ke nan bai sani ba.

5. Misalin lissafi

A ɗauka motar wata gunduma tana yin kilomita 250 kowane mako. A mako 20 za ta cika 5,000, watau wata biyar bai cika ba. Wannan tafiya ce ta riga cika, sai a yi mata juye ba tare da jiran wata shida ba. A ɗauka kuma wata motar kilomita 60 kaɗai take yi a mako. A wata shida, watau mako 26, abin da ta yi bai wuce 1,560 ba. Duk da haka kwanakinta sun cika, lalle ne a yi mata juye. In agogon mota ya lalace, a bi watanni, a kuma gyara agogon da gaggawa, gama ba a iya riƙe lissafin mai ko na fetur in babu shi.

6. Maganganun da ba a dogara da su

Wani direba yakan ce, "Ranka ya daɗe, man bai yi baƙi ba tukuna." Wani kuma ya ce, "Ya yi baƙi ƙirin, sai an sake." Launi ba ma'auni ba ne. Man injin gas yakan yi baƙi kwana kaɗan bayan juye alhali yana da sauran ƙarfi, wani man kuma ƙarfinsa yakan ƙare bai yi duhu sosai ba. Murza mai tsakanin yatsu ma ba ya nuna ko magungunansa sun ƙare.

Wani yakan ce tun da ana ciko kullum, ba sai an yi juye ba. Ciko yana mayar da abin da ya ragu, amma dattin da ya taru yana nan a gindin inji. Wani kuma yakan sake mai ya bar tsohuwar filta don tsimin kuɗi. Filtar da ta cika takan bar mai ya wuce ba tacewa, saboda haka a sake ta duk lokacin juye. Filtar iska ita ma a riƙa duba ta, musamman da hunturu, gama ita ce ke tsare ƙura daga shiga inji.

Akwai alamun da ba a jiran wa'adi in an gan su. In mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko daga lagireto ko daga rafin da aka ƙetare da damina. In yana warin fetur sosai, ko ana ganin ƙyallin ƙarfe a cikinsa, a kai wa bakanike. In kuwa jar fitila mai siffar buta ta kama ana cikin tafiya, direba ya tsaya nan take ya kashe mota, ko da sauran kilomita ɗaya a isa gida.

7. Irin man da za a saya

A jikin kowane galan akwai lambobi irin su 20W-50, ko 5W-30, ko 0W-20, waɗanda ke nuna kaurin mai in yana da sanyi da kuma in ya yi zafi. A zuba wanda littafi ya ce, ko wanda aka rubuta a murfin wurin zuba mai. Sababbin injuna da yawa an yi su ne domin mai marar kauri, mai kauri kuwa ba ya saurin isa lungunansu da safe. Akwai kuma haruffan API masu nuna daraja: masu farawa da S na injin fetur ne, masu farawa da C na injin gas. Darajar SL ta fito a 2001, SN a 2010, SP kuma a 2020.

A guji man da ake aunawa a kwalabe a bakin hanya, gama ba wanda ya san asalinsa, wani ma tsohon mai ne aka tace. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Nijeriya, ta sha kama jabun mai a kasuwanni. A saya a rufe daga amintaccen dillali, a kuma fasa murfin a gaban wakilin Hakimi. Kuɗin juye na shekaru da dama ba ya kai kuɗin sauke inji sau ɗaya.

8. Aikin magatakarda

Magatakarda ya buɗe wa kowace mota littafi nata. A kowane juye ya rubuta kwanan wata, da lambar da agogo ya nuna, da sunan mai da lambarsa, da yawan litar da aka zuba, da ko an sake filta, da sunan bakanike, sa'an nan lamba da ranar da juye na gaba zai kama. Ya liƙa rasit a gefen shafin. Ya kuma rubuta ranar da lambar a ɗan kati a rataye a cikin mota inda direba zai riƙa gani.

Kowace safiya kafin a fita, ko aƙalla sau ɗaya a mako, direba ya auna mai da sandar awo, motar tana tsaye a wuri mai daidai, injin kuma a kashe. In an riga an kunna, a jira kamar minti goma bayan an kashe. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke jikin sandar, kada ya gaza, kada kuma ya haura, domin yawansa ma yana ɓarna. Duk cikon da aka yi a faɗa wa magatakarda ya rubuta, don in mota ta fara shan mai a gane da wuri.

A ƙarshen kowane wata a kawo littafin gaban Hakimi ya gwada lambar da ke rubuce da ta jikin mota, ya sa hannu. Wannan yana tsare direban kirki daga zargi, yana kuma toshe ƙofar karɓar kuɗin juyen da ba a yi ba. Ranar da majalisar masarauta ko ƙaramar hukuma ta tambayi yadda aka yi inji ya lalace, littafin nan ne zai ba da amsa.

9. Tsohon mai

Man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko a gona. Kada a shafa shi a miki ko ƙazuwa, na mutum ko na dabba, domin yawan taɓa shi yana cutar da fata. A tara shi a jarka mai murfi, a ajiye inda yara ba za su kai ba, a mayar wa gareji. Hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a wannan.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne ma'aunai biyu ne ake bi wajen sanin lokacin juye, wanne kuma ake ɗauka?
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa aikin motar gunduma ya zama aikin wahala.
3. Mota mai ƙidaya da mil an yi mata juye agogo yana nuna 62,000. A wace lamba za ta cika kilomita 5,000?
4. Me direba zai yi in jar fitilar mai ta kama?
5. Waɗanne abubuwa ne magatakarda zai rubuta a littafin mota ranar juye?