Sojojin Jiki da Ciwon Dajin Baki

 Darasinmu na wannan wata kan ciwon dajin baki ne.

Allah Ya sanya mana sojoji a jiki, wato fararen ƙwayoyin jini. Cikinsu akwai waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T, masu farautar ƙwayar da ta lalace su kashe ta. Idan aka ɗebi ɗan nama daga ƙarin baki aka auna, aka tarar sojojin nan sun kutsa cikinsa da yawa, galibi mai ciwon ya fi samun sauƙi. Tun 2016 ma akwai allurai irin su pembrolizumab masu zaburar da su.

Sai dai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: idan ciwon ya yaɗu, sojojin kan gaza. Don haka gyambon harshe, dasashi ko cikin kunci da ya wuce mako 2 bai warke ba, kada a tsaya kurkura ruwan gishiri. A je cibiyar lafiya ta Abu Hamour, ko wadda aka yi rajista, domin a tura mutum asibitin Hamad in da buƙata. A bar sigari, shisha da garin taba.

Allah Ya ba mu lafiya.