Kasuwa da Gonar Gwaji Kafin Saukar Damina

Da bazara ta kama, ya kamata manomi ya ziyarci wuri biyu: kasuwar hatsi da gonar gwaji, kamar ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka haɗe da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A kasuwa zai ga amfanin da ke daraja. A gonar kuwa, malaman gona za su nuna masa irin da ya dace da ƙasarsa.

Hatsin kasuwa na ci ne, ba lalle ya tsiro ba. Saboda haka, kafin shuka sai manomi ya ƙirga ƙwaya 100, ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma har kwana 7, yana yayyafa ruwa. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ya nemi wani iri, domin damina ba ta jiran mai sake shuka.