Tambaya da Amsa: Kalmomin Ladabi a Sifaniyanci

TAMBAYA: Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Granada, ƙasar Sifaniya. Na haddace gracias da por favor, amma ina tsoron yi wa manya rashin kunya ba da sani ba. Waɗanne kalmomi ya kamata in riƙe? Ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Allah ya sanya albarka a tafiyar.

Fara da educado. Sabon shiga yakan zaci mai ilimin boko ake nufi, alhali ma'anarta mai tarbiyya. Wanda aka kira maleducado an ce masa marar tarbiyya ke nan, ko da farfesa ne, kuma kin san irin wannan magana har gidan mutum take kaiwa.

Inda na fi so ki zauna sosai shi ne bambancin tú da usted. Dukansu "ke" ko "kai" suke nufi, sai dai usted ta girmamawa ce, ta samo asali daga vuestra merced, tsohon kirarin da ake yi wa masu daraja. Kamar yadda kike ce wa kakarki "kun tashi lafiya?" ne. Ƙawa za ki ce mata ¿cómo estás?, dattijo kuwa ¿cómo está usted? Harafi ɗaya ya faɗi daga aikatau, amma kunnen mai harshen yana jin sa. Mutanen Sifaniya sun sassauta ƙwarai, malamin jami'a ma yakan ce tutéame, wato "kira ni da tú". Duk da haka ki fara da usted, ki bari shi ya sauke ki. Idan kika haɗu da ɗaliban Kolombiya ko Meksiko za ki ga sun fi riƙe ta.

Con permiso ita ce "gafara dai" kafin ki ratsa mutane. Perdón bayan kin taka ƙafar wani. Disculpe idan za ki tsayar da baƙo ki tambayi hanya. Buenos días tana kaiwa har wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin abincinsu, sannan buenas tardes ta karɓa.

A wurin cin abinci ana cewa que aproveche, a ci lafiya. Kada ki miƙe da gama ci, domin hirar bayan abinci har suna gare ta, sobremesa. Naman alade yana cikin abincinsu da yawa, don haka ki haddace no como cerdo, gracias, wato "ba na cin naman alade, na gode".

Akwai kuma dos besos, sumbar kunci biyu a gaisuwa, har tsakanin mace da namiji. Ba dole ba ce. Dafa ƙirjinki da hannun dama, ki yi murmushi ki ce encantada, na ji daɗin saninka. Ki lura da wasalin ƙarshe: namiji ne ke cewa encantado.